Ƙawayen da Suka Tsufa Tare, da Abin da Masu Sharhi Suka Gani a Teburinsu

A shekarar 2018 aka fitar da wani fim a Ingila wanda kusan babu komai a cikinsa sai tsofaffin mata huɗu zaune a bakin teburi suna hira har tsawon minti 84. Sunansa Nothing Like a Dame, amma da aka kai shi Amurka a watan Satumba na shekarar sai aka sauya masa suna zuwa Tea with the Dames. Fim ɗin gaskiya ne, wato irin wanda ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa ba, an kafa kyamara ne kawai aka bar mutane da bakinsu. Matan kuwa su ne Judi Dench da Maggie Smith da Eileen Atkins da Joan Plowright. Duk wanda ya kalli fina-finan James Bond daga 1995 zuwa 2012 ya san Dench, ita ce M, shugabar da Bond yake karɓar umarni a wurinta. Wanda ya kalli Harry Potter kuma ya san Smith, Farfesa McGonagall mai doguwar hula. An haifi uku daga cikinsu a 1934, Plowright kuma a 1929, saboda haka kowace ta haura tamanin a ranar da aka zauna. Dukansu Sarauniyar Ingila ta ba su sarautar girmamawa ta Dame, kuma sun san juna fiye da shekara hamsin.

Daraktan shi ne Roger Michell, wanda ya yi Notting Hill a 1999. Ya same su ne a gidan Plowright da ke karkarar yankin Sussex, gidan da ta zauna da mijinta Laurence Olivier, gagarabadan wasan daɓe na Ingila, wanda ya rasu a 1989. Da ma can sukan haɗu a gidan jefi-jefi. Abin da Michell ya ƙara shi ne kyamara, da 'yan tambayoyin da yake jefowa daga bayanta, da tsofaffin hotunan wasanninsu da yake sakawa a tsakanin hirar.

Masu sharhin fina-finai sun karɓe shi hannu bibbiyu. Peter Bradshaw na jaridar Guardian ya ba shi taurari biyar, iyakar makin da jaridar ke bayarwa ke nan. A shafin Rotten Tomatoes, inda ake tara ra'ayoyin masu sharhi a ƙirga, fiye da kashi 90 cikin 100 sun yaba masa. Ƙorafin da aka fi maimaitawa shi ne ya yi gajarta, da an ƙara awa guda da ba wanda zai tashi. Kalmomin yabon kuma kusan iri ɗaya ne daga jarida zuwa jarida: akwai daɗi, akwai dariya, matan bakinsu da kaifi.

Duk wannan gaskiya ne. Na yi dariya a wurare da yawa. Akwai inda Smith ta ba da labarin wasan Othello na 1964, inda ta fito a matsayin Desdemona, Olivier kuma a matsayin mijinta. A wani dare ya kwaɗa mata mari na gaske a kan daɓe har ta ga taurari. Abin da ya sa labarin ya yi armashi shi ne a gidan mutumin take ba da shi, matarsa tana zaune a gefenta tana saurare. Sai wadda kuka yi shekara hamsin tare za ta iya yi miki haka a teburinki, ki kuma yi dariya. Akwai inda Plowright ta faɗi yadda wakilinta na Amurka ya yi mata alkawarin nemo mata wani ɗan ƙaramin matsayi a fim, matuƙar Judi Dench ba ta riga ta cafke shi ba. Dench tana zaune, fuskarta ta ɗan canza kafin dariyar ta zo. Akwai kuma inda Smith ta ce ba ta taɓa zama ta kalli Downton Abbey ba, shirin talabijin ɗin da ya kai sunanta gidajen da ba su san wasan daɓe ba.

Amma labarin da masu sharhi suka fi ɗauka suna yayatawa shi ne na rina, kuma a nan ne na fara rabuwa da su. Dench ta ce rina ta harbe ta, aka kira masu agajin gaggawa, sai ga wani yaro matashi ya shigo. Maimakon ya yi mata magana kamar babba, sai ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri, ya tambayi sunanta, ya kuma tambaya ko tana da mai kula da ita. Ta fusata, ta yarfa masa baƙar magana, ta shaida masa cewa ba ta daɗe da gama makonni tana fitowa a daɓe a Landan ba. Jaridu sun kawo wannan a matsayin wurin da aka fi dariya. Ni kuwa abin da na ji a muryarta ɓacin rai ne na gaske. Mace ce da ta haddace Shakespeare, idonta yana mutuwa har sai an karanta mata rubutun fim ta riƙe da ka, amma hankalinta garau, ga yaron da bai kai jikanta ba ya dubi furfura ya yanke hukunci. Mai sharhin da ya kira wannan labari abin sha'awa ya wuce, bai yi nisa da abin da yaron ya yi mata ba. Ya ga tsohuwa mai ban dariya, bai tsaya ya ji abin da take ƙorafi a kai ba.

Haka abin yake a wurare da dama. Plowright ta makance gaba ɗaya, ciwon idon ne ma ya sa ta bar aiki a 2014. A cikin hirar takan rasa zaren magana idan na'urar ƙara jinta ta ba ta matsala, sai ɗaya daga cikin ƙawayen ta yi mata tayin tata. Ana dariya, amma ka dubi hannuwa: yadda ake matsar mata da kofi, yadda ake kama ta idan za a tashi, ba tare da kowa ya mai da shi magana ba. Dukansu huɗu sun binne miji. Michael Williams na Dench ya rasu a 2001, Beverley Cross na Smith a 1998, na Atkins kuma bai daɗe da rasuwa ba lokacin da aka ɗauki fim ɗin. Idan maganar mazan ta taso hirar takan yi sanyi, wata ta kau da kai, sai a yi maza a saka wani tsohon hoto a wuce.

Wannan saurin wucewar shi ne babban aibin fim ɗin a ganina, kuma ƙalilan ne daga cikin masu sharhi suka tsaya a kansa. Waɗanda suka tsaya sun ce tambayoyin Michell ba su da zurfi, yana jefa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai bin jeri a takarda: yaya batun tsoro a kan daɓe, yaya batun fitowa a matsayin Cleopatra, wace shawara za ki ba kanki da kina yarinya. Amsoshin suna da kyau. Dench ta ce tsoro shi ne man da ke tafiyar da ita, kuma da za a mai da ita yarinya da ta rage saurin faɗawa soyayya. Atkins ta ce da ta rage faɗa ta ƙara saurare. Amma da zarar wata ta kama hanyar faɗin abin da ke ci mata rai, sai a sauya zance. Ga kuma gajiya. Can wajen ƙarshe Smith ta fito fili ta nuna cewa sun gaji, ta tuna wa masu ɗauka shekarunsu. Zama ne na ɗan lokaci, da fitilu da ma'aikata kewaye da su, kuma matan huɗu ƙwararru ne da suka yi shekara sittin suna sanin inda kyamara take. Abin da suka ga dama suka bayar.

Wani ƙorafin kuma shi ne sai wanda ya san wasan daɓen Ingila zai ci moriyar hirar, domin ana ta ambaton sunayen daraktoci da gidajen wasa ba tare da bayani ba. Wannan ma gaskiya ne, kuma yana bayyana inda yawan yabon ya fito. Da a ce an zaunar da marigayi Kasimu Yero da marigayi Samanja Mazan Fama a tabarma guda suna tuna zamanin talabijin ta Kaduna, mu da muka tashi da muryoyinsu kowace kalma za ta cika mana ciki, baƙo kuwa dattawa biyu kawai zai gani suna ambaton mutanen da bai sani ba. Masu sharhin Landan sun shiga sinima ɗauke da shekaru arba'in ko hamsin na kallon waɗannan mata. Wasunsu magadan waɗanda suka caccaki Dench ne a 1957, lokacin da ta fara fitowa a matsayin Ophelia a gidan wasa na Old Vic. Taurarin da suka bayar na matan ne da tarihinsu, fim ɗin ya ci albarkacinsu.

Shekara huɗu kafin Nothing Like a Dame, wata matashiya 'yar Chile mai suna Maite Alberdi, haifaffiyar 1983, ta fitar da fim mai kama da shi a ido, wanda ya sha bamban da shi a aiki. Sunansa La Once, sunan shayin yamma da mutanen ƙasar suka saba sha. A ƙasashen Turanci an san shi da Tea Time. Matan da ke cikinsa ba wanda ya san su sai danginsu. Kakar Alberdi ce da ƙawayenta, waɗanda suka gama makarantar 'yan mata ta Katolika tare a Santiago, suka ɗauki al'adar haɗuwa sau ɗaya a wata a gidan ɗayarsu, suka riƙe ta shekara sittin. Alberdi ta sha faɗin abin da ya ja hankalinta: ta gayyaci kakar zuwa nunin wani gajeren fim ɗinta, kakar ta ce ba za ta samu zuwa ba domin ranar shayinsu ce. Jikar ta so ta ga wane irin shayi ne ya fi ƙarfin wannan gayyata. Ta yi shekara biyar tana kai kyamara wurin zaman, ta tace abin da ta tara ya koma minti 70.

Ba a jin Alberdi tana yi musu tambayoyi. Kyamarar kusan ba ta barin teburin, kuma tana matsowa kusa har ka ga jan-baki ya shiga tsagar leɓe, ka ga hoda kwance a kan tamojin fuska, ka ga wuƙa tana ratsa kek, ka ga ganyen shayi yana buɗewa a ruwan zafi. Suna buɗe zaman da addu'a. Daga nan sai hira ta ɓarke, kowa na magana a kan maganar kowa. Sukan tuna darussan da aka koya musu a makaranta kan yadda mace za ta zauna da miji, su yi dariya, wata kuma ta ce ai akwai gaskiya a ciki. Suna zancen mazan da suka mutu da waɗanda suka ci amana, da abin da ba a gaya musu ba kafin daren aure, da 'yan matan zamani da suke ganin sun lalace. Ɗaya daga cikinsu mantuwa ta fara kama ta, sai ka ga sauran suna maimaita mata magana, wani lokaci da haƙuri, wani lokaci da ƙosawa, yadda mutane suke yi da gaske.

Shekara biyar ɗin nan su ne fim ɗin. Mai kallo ba ya buƙatar a gaya masa tsufa na tafiya, yana ganinsa: wadda ta shigo da ƙafarta a farko ta dawo ana riƙe da ita, gashi ya sauya, murya ta ragu, kofunan da ake jerawa sun ragu. Wasu daga cikin ƙawayen sun rasu kafin a gama ɗauka. Ba a kai mu asibiti ba, ba a kai mu maƙabarta ba. Wata ya zagayo, an sake shimfiɗa ƙyallen teburi, waɗanda suka rage sun ambaci wadda ta tafi a addu'a, sun yi kuka, sun yanka kek. Na daɗe ban ga fim ɗin da ya nuna yadda zumunci yake a ƙafa kamar wannan ba, domin ba soyayya kullum ce ta riƙe su ba. Suna saɓawa, suna yi wa juna gatse, akwai wadda ake gani ta cika surutu. Zuwan ne ba sa fasawa.

An karɓi La Once da kyau a bukukuwan fina-finai. An nuna shi a IDFA ta Amsterdam a 2014, babban taron fina-finan gaskiya na duniya, inda ƙungiyar mata 'yan jarida masu sharhin fim ta ba shi kyauta. Tashar PBS ta Amurka ta nuna shi a 2015 a shirinta na POV. A 2016 ya shiga jerin 'yan takarar kyautar Goya ta Sifaniya a rukunin fina-finan Latin Amurka, yana gogayya da fina-finan wasan kwaikwayo masu kuɗi, kodayake El Clan na Ajantina ne ya lashe. Sai dai a nan ma kalmomin da aka fi yi masa ado da su su ne na daɗi da taushi, kamar dai kek ɗin da ke kan teburin ake bayyanawa. Da alama idan tsofaffin mata suka taru, mai sharhi ya riga ya tanadi kalmominsa tun kafin a kashe fitila.

Akwai suka guda da ta fi waɗannan yabo nauyi, kuma ta cancanci a zauna a kanta. Matan La Once 'yan gidan rufin asiri ne, masu riƙo da Katolika da ra'ayin mazan jiya. Akwai masu aikin gida da ke shirya teburin, amma da ƙyar ake ganinsu, hannu ne ya ajiye faranti ya janye. Sannan shekara sittin ɗin da suka yi suna shan shayi sun haɗa da 1973, shekarar da sojoji suka kifar da gwamnatin Salvador Allende, da shekaru goma sha bakwai na mulkin Augusto Pinochet, lokacin da aka kashe ko aka ɓatar da dubban mutane. Wannan tarihi bai samu kujera a teburin ba. Ɗan Chile da ya rasa uba ko yaya a wancan zamani yana da haƙƙin ya tambaya: yaya za a yi fim kan tunawa da baya a ƙasar nan a tsallake wannan? Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Amma da na auna, sai na ga shirun ba Alberdi ce ta ƙirƙire shi ba, na matan ne, ita kuwa ta bar shi a fili inda mai ido zai gani. Ƙawancen da ya kai shekara sittin yana da abubuwan da aka yarda ba za a taɓa ba, kuma wani ɓangare na daɗewarsa daga nan yake. Fim ɗin ya nuna mana kyan wannan zama, ya kuma nuna mana, ga wanda ya lura da hannun da ke ajiye faranti, a kan wa zaman ya jingina. Da ta tsoma baki ta tilasta musu zancen siyasa, da mun sami amsoshin da aka shirya domin kyamara.

Cewa lokaci shi ne jarin irin wannan fim ba sabon abu ba ne. Turawan Ingila suna da jerin Up, wanda aka fara a 1964 da yara 'yan shekara bakwai, Michael Apted ya riƙa komawa gare su duk bayan shekara bakwai har zuwa 63 Up a 2019. Roger Ebert, shahararren mai sharhi na Amurka, ya sa shi cikin manyan ayyukan da aka taɓa yi da kyamara. A cikin yaran akwai ƙawaye uku daga gabashin Landan, Jackie da Lynn da Sue, waɗanda aka saba zaunar da su tare. Lynn ta rasu a 2013. Jackie ce ta taɓa juyowa ta tuhumi Apted a gaban kyamara kan irin tambayoyin da yake yi musu da yadda yake nuna su, kuma shi da kansa ya amsa daga baya cewa ya cika tambayar matan batun aure da 'ya'ya. Wannan suka daga cikin fim ta fito, daga bakin wadda ake ɗauka, kuma ta fi yawancin abin da aka rubuta a jaridu kaifi.

Michell ya rasu a 2021. Maggie Smith ta rasu a watan Satumba na 2024 tana da shekara 89, Joan Plowright ta bi ta a Janairun 2025 tana da 95. Yanzu wanda ya koma ga Nothing Like a Dame zai same shi da nauyin da ba shi da shi a 2018, domin zaman ba zai sake yiwuwa ba, kuma saboda haka ina gode wa Michell da ya yi shi duk da gaggawarsa. Sai dai nauyin daga waje ya zo masa, mutuwa ce ta ƙara masa bayan an gama. Alberdi kuwa ta zauna ne har abin ya faru a gabanta.

Ba ta bar tsofaffi ba tun daga nan. A 2020 ta fitar da El agente topo, inda aka tura wani dattijo mai shekara 83 gidan kula da tsofaffi a matsayin ɗan leƙen asiri, ya je neman shaidar cin zarafi ya tarar da kaɗaici. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a 2021. A 2023 ta fitar da La memoria infinita, labarin Augusto Góngora, ɗan jaridar da ya yi kasada da ransa yana tattara shaidar abin da ya faru a zamanin Pinochet, wanda cutar mantuwa ta Alzheimer ta kama, da matarsa Paulina Urrutia, 'yar wasa kuma tsohuwar ministar al'adu, tana tuna masa ko shi wane ne kowace safiya. Ya ci babbar kyauta a bikin Sundance, ya shiga takarar Oscar, ya kuma lashe Goya ɗin da La Once bai samu ba. A wannan karon tarihin 1973 yana tsakiyar ɗaki, kuma hanyar aikin ita ce dai wadda ta koya a teburin kakarta: shekaru ana komawa gida ɗaya, ba a yi wa kowa gaggawa ba.